Dalma a Cikin Zinare: Abin da Na Koya a Zauren Kawu Game da Kimiyya da Falsafa

Kalmar kimiyya da muke amfani da ita yau a makarantu da kafafen watsa labarai aro ce daga Larabci, kuma a can asalinta ba ta ɗauke da wannan faffaɗar ma'ana da muka ɗora mata. Sunan fanni ne guda, wanda babban burin ma'abotansa a zamanin da shi ne su juya ƙarfe maras daraja, irin su dalma, ya koma zinare. Na daɗe ina faɗa wa ɗalibaina wannan a darasin aron kalmomi, su yi dariya, mu wuce. Tun daga daminar 2010 na daina faɗar sa da sigar raha, domin a wannan shekara ce mutanen jiharmu suka fita neman zinare suka komo gida da dalma, ta kashe musu 'ya'ya.

Mafi yawan masu karatu za su tuna da abin da ya faru. A watan Maris na 2010, ma'aikatan ƙungiyar likitocin nan ta MSF, waɗanda ke zagayen sa ido a kan sanƙarau, suka tarar da ƙananan yara suna mutuwa fiye da ƙima a wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Amai, ciwon ciki, jijjiga, sai rasuwa. Aka yi zaton zazzaɓin cizon sauro ne, aka ba da maganinsa, bai yi ba. Aka yi zaton sanƙarau, shi ma ba shi ba ne. Sai da aka aika da jini Turai aka gwada, sannan aka tabbatar gubar dalma ce. Duwatsun da ake haƙowa don zinare suna cike da ita, ana kawo su cikin gidaje, a daka a turmi ko a niƙa a injin, a shanya a tsakar gida inda yara ke rarrafe. A Dareta da 'Yargalma da Abare da Bagega da wasu garuruwa, yaran da suka rasu sun kai kimanin 400.

Mu a Gusau labari muke ji a rediyo, har ranar da abin ya shigo gidanmu. Wata 'yar'uwarmu, ɗiyar ƙanwar mahaifiyata, da ke aure a wani ƙauye na ƙasar Anka, ta iso Bunguɗu gidan Kawu bayan ta binne ɗanta mai shekara biyu. Ta zo da yayarsa mai shekara huɗu, wadda ba ta cin abinci, ba ta wasa, ba ta kuka ma sosai. Aka aiko mana. Muka tafi da ƙanwata, wadda ta yi karatun kiwon lafiya a Tsafe, take kuma aiki a wani ɗakin gwaje-gwaje a nan Gusau.

Kawu malamin zaure ne, bai taɓa zama a kan bencin boko ba. Ya yi fiƙihu da nahawu da tauhidi, ya kuma taɓa mandiƙi, kuma yana alfahari da cewa silsilar malamansa tana komawa 'Yandoto, tsohuwar cibiyar malaman nan ta ƙasar Tsafe. Bayan la'asar muka zauna a zaurensa. Ƙanwata ta durƙusa daga gefen ƙofa ta yi bayani: lalle a mai da yarinyar Anka, inda aka buɗe sashen jinyar masu wannan guba, a auna jininta, kuma kada a mai da ita gidan ubanta sai an kwashe ƙasar tsakar gidan. Kawu ya saurare ta har ta gama. Zan kawo maganarsa da harshen da ya yi ta.

Ya ce, "Na ji ki, ɗiyata. Amma gaya mani. Gida guda, ƙasa guda, tukunya guda. Mi yas sa ƙaramin yat tahi, babbar tat tsaya?"

Ta ce, "Kawu, shi yana rarrafe ne a ƙasa, kome ya samu sai baki. Jikin ƙaramin yaro kuma ya fi saurin tsotse ta, balle in akwai ƙarancin jini ko rashin abinci mai kyau."

Ya ce, "Wanga duk sababi na. Ke da idonki kin ga dalma na kisa, ko ko kin ga dalma, kin ga mutuwa, kin gama su?"

A nan ne ni, da nake ganin kaina ɗan jami'a, na tsoma baki don in raba gardama. Na kawo wannan jimlar da na haddace tun ina ɗalibi, wadda na tabbata da yawa daga cikinmu sun taɓa rubuta ta a allo: cewa kimiyya tana amsa tambayar yaya abu ya faru, falsafa da addini kuwa suna amsa tambayar me ya sa ya faru, don haka kowa da gonarsa, babu abin faɗa. Na ji daɗin bakina. Sai dai ba wanda ya karɓa. Ƙanwata ta ce, "Haba Yaya, ai Kawu me ya sa ya tambaye ni, me ya sa kuma na amsa masa." Kawu kuwa ko kallona bai yi ba. Ya ce shi bai tambayi hikimar Ubangiji a cikin ɗaukar yaron ba, wannan ba shi da ta cewa a ciki. Abin da ya tambaya shi ne wane irin sani ne wannan da ɗiyarsa ta zo da shi, don ya san matsayin da zai aje shi.

Daga nan ya karanto mana rabon da ke cikin littattafan tauhidi na Shehu Sanusi, malamin Tilimsan da ya rasu a 1490, wanda almajiran ƙasar Hausa suka daɗe suna karantawa. Hukunci iri uku ne. Akwai na hankali, kamar cewa ɗaya rabin biyu ne, wanda saɓaninsa ba ya ko shiga tunani. Akwai na shari'a, wanda ake karɓa daga nassi. Akwai kuma na al'ada, wato ƙulla alaƙa tsakanin abu da abu saboda an ga suna maimaituwa tare, kamar wuta da ƙuna ko abinci da ƙoshi, alhali hankali bai hana wata rana su saɓa ba. Ya ce maganar ƙanwata ta wannan aji na uku ce.

Ƙanwata ba ta san Sanusi ba, amma ba ta da saurin ja da baya. Ta ce, "To Kawu, in dai haka ne, ai da hukuncin al'adar nan ne kake janye hannunka daga garwashi." Ya yi murmushi, karo na farko a wannan wuni. Ya ce, "Shi yas sa gobe da sahe za a kai ta." Aka kuwa kai ta.

Na yi shekaru ina juya wannan zama a raina, kuma abu na farko da na gane shi ne cewa ni kaɗai ne a zauren ban yi ko ɗaya daga cikin biyun ba. Ƙanwata kimiyya ta yi: ta kawo dalilin da aka kai gare shi ta hanyar zato da gwaji da jefar da zaton da ya faɗi, daga cizon sauro zuwa sanƙarau zuwa dalma. Kawu falsafa ya yi, ko da yake da na faɗa masa wannan suna da ya nemi tsari. Bai musanta sakamakon gwajin ba, bai kuma kawo nasa gwajin ba. Ya koma baya da taki ɗaya ya tambayi abin da gwajin ya dogara a kai, wato mene ne sababi, kuma da wane haƙƙi muke tsallakawa daga "an gan su tare" zuwa "wannan ne ya jawo wancan". Tambayar nan ba a amsa ta da na'ura, domin kowace na'ura an ƙera ta ne bisa ɗauka cewa an riga an amsa ta.

Tsohuwar tambaya ce. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi ta da misalin wuta da auduga a littafinsa na rushe hujjojin masu falsafa. Ibn Rushdi na Andalus, wanda ya rasu a 1198, ya mai da martani da cewa wanda ya kore sababi ya kore ilimi ɗungum, kusan abin da ƙanwata ta faɗa ke nan da garwashinta. A ƙarni na 18 David Hume ya sake tayar da ita a Birtaniya ba tare da ya jingina da tauhidi ba, ya kai ga cewa sabo ne ke sa mu tsammaci ƙuna daga wuta. Abin lura a nan shi ne yadda fannonin biyu ke tafiya da lokaci. Tambayar abin da ke kashe yaran Dareta an buɗe ta, an rufe ta a cikin 'yan watanni, kuma babu mai hankalin da zai sake buɗe ta. Tambayar Kawu kuwa ta haura shekara 900 tana buɗe. Masu raina falsafa suna kawo wannan a matsayin aibinta. Ni ina ganin yanayin tambayoyin ne ya bambanta, kuma tarihi ya nuna cewa duk tambayar da falsafa ta samo wa hanyar aunawa, sai ta tashi daga gidan ta kafa nata. Littafin Isaac Newton na 1687, wanda a yau ake lissafa shi cikin tubalan kimiyyar zamani, a jikin sunansa falsafar halitta ya kira abin da yake yi. Kalmar da Ingilishi ke kiran masanin kimiyya da ita ma sai a 1833 aka ƙirƙiro ta.

Abu na biyu ya shafe mu kai tsaye, mu manazarta Hausa. Bahaushe ya ce gani ya kori ji, kuma sau da yawa nakan ga an kawo wannan karin magana a kundaye a matsayin hujjar cewa Bahaushe mai ra'ayin gwaji ne tun fil'azal. To, a ƙauyukan Anka gani bai kori kome ba. Dalma a cikin jini ba ta da launi. Ƙasar tsakar gida mai guba da maras guba kamarsu ɗaya a ido. Abin da ido ya gani shi ne zinare, da sabon babur, da kwanon rufi a inda da ake da bunu. Uban da aka ce wa sana'arsa ce ke kashe 'ya'yansa, an nemi ya bar abin da ya gani ya kama abin da ya ji, daga bakin baƙo, wanda shi ma lamba ya karanta a fuskar wata 'yar na'ura. Ƙanwata kanta ba ta taɓa ganin dalma a jini ba, ta yarda ne da waɗanda suka ƙera na'urar da waɗanda suka koyar da ita. Ashe kimiyya, ga mafi yawanmu, riwaya ce. Abin da ya raba ta da jita-jita shi ne cewa kowace gaɓa ta isnadinta a buɗe take ga mai son ya sake gwadawa. Amma wa ya cancanci a yarda da shi, kuma bisa wane sharaɗi, wannan ba tambayar ɗakin gwaje-gwaje ba ce. Malaman hadisi da na usulu sun sha fama da ita, masu falsafar sani ma haka. Wanda ya ga yadda aka kai ruwa rana a kan rigakafin shan-inna a Arewa a 2003 ya san cewa amsarta tana iya zama rai ko mutuwa.

Ba zan ɓoye ra'ayina ba a kan kundayen da muke yawan sa wa suna "Falsafar Bahaushe a Kan Kaza". Akasarinsu tattara karin magana ne da rarraba su aji-aji. Aiki ne mai amfani, amma ya fi kusa da kimiyyar bayanin al'umma fiye da falsafa. Paulin Hountondji na Jamhuriyar Benin ya yi irin wannan suka tun a shekarun 1970 ga masu bin sawun littafin Placide Tempels na 1945 a kan falsafar Bantu. Falsafa tana farawa ne a lokacin da wani ya tsaya ya ce: shin gaskiya ne gani yana korar ji, a wane hali, kuma ina ya gaza? Muna da magabata da suka yi haka da sunansu, irin su Abdulƙadir ɗan Tafa, jikan Shehu Usmanu, wanda ya rayu daga 1804 zuwa 1864, ya kuma yi rubutu a kan falsafa da Larabci. Muna kuma da irin su Kawu, waɗanda ba mu zuwa wurinsu sai in muna neman tsofaffin kalmomi.

Sai batun lamba, wanda shi ne ya fi ba ni wahala. A 2010 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka tana ɗaukar maikirogiram 10 na dalma a kowace desilita ta jinin yaro a matsayin abin damuwa. A 2012 ta sauko da ma'aunin zuwa 5, a 2021 kuma zuwa 3.5, tare da bayanin cewa babu wani adadi da aka sani maras illa. Maganin da ke janye dalma daga jiki ana fara ba da shi ne daga 45. 'Yar na'urar da aka shiga da ita ƙauyukan iyakar abin da take iya karantawa 65 ne, kuma yara da yawa sun wuce nan, sai dai ta nuna cewa abin ya yi sama. A ƙasar wasu gidaje an sami dalma fiye da kashi 100,000 cikin miliyan, alhali abin da Amurka ta amince da shi a lokacin a wurin wasan yara 400 ne. Waɗannan duka aunawa ce, kuma babu mai gardama da su. To amma jikin yaro bai canza ba tsakanin 2010 da 2021. Layin ne aka matsar, kuma ja layi a kan abin da ba shi da gaɓa hukunci ne na wace illa za a iya haƙura da ita, da nawa za a iya kashewa, da wa za a fara ceta. Da aka yanke cewa 'yan ƙasa da shekara biyar za a fara yi wa magani, kuma sai an share ƙasar gari kafin a fara don kada yaro ya koma cikin gubar, an haɗa ilimin jiki ne da hukuncin adalci a cikin jimla guda. Sakamakon wannan sharaɗi shi ne yaran Bagega sun jira har 2013, lokacin da gwamnatin tarayya ta saki kuɗin sharar. Na'ura tana iya faɗin yawan dalmar da ke jinin yaron Bagega a kowane wata na wannan jira. Ba ta iya faɗin ko jiran zalunci ne. Amma duk wanda zai yi magana a kan zaluncin ba tare da lambobin ba, iska kawai yake kaɗawa.

Wani ƙaramin abu ya biyo baya a gidanmu wanda ya nuna mini cewa har fannin namu na harshe yana da abin cewa. A 2012 aka haifi ɗa a gidan Kawu, Inna ta ɗauko tozali za ta sa wa jariri kamar yadda aka saba, ƙanwata ta riƙe hannunta. Baƙin dutsen nan mai ƙyalli da ake niƙawa a yi tozali, galibinsa ɗan'uwan dutsen da ya yi ɓarna a Anka ne. A wannan shekarar ma an buga rahoton wani jariri a birnin Boston na Amurka da aka sami dalma a jininsa, aka bi sawu aka tarar daga tozalin da aka kai daga Nijeriya ne, wanda sama da kashi 80 cikin ɗari nasa dalma ce. Inna ta ce tozali sunna ne, kuma maganin ido ne tun kaka da kakanni. Aka kai ƙara zaure. Kawu bai ce a sa ba, bai ce a bari ba. Ya tambayi ko dutsen da ake sayarwa a kasuwar Gusau shi ne ainihin ismidin da littattafai suka ambata, ko kuwa suna ne ya haɗa su. Ƙanwata ta ce masana da dama suna ganin ismidi wani ma'adini ne daban, kuma ido ba ya raba su, sai gwaji. Ya ce to a dakata har a gwada. Kalma ɗaya ce, tozali, take rufe da abubuwa biyu. Gano cewa suna ba ya tabbatar da zati aikin mai tunani ne, faɗin wane dutse ne a cikin tandun Inna kuwa aikin mai awo ne. Ba a taɓa kai tandun gwaji ba, in faɗi gaskiya. Inna dai ta daina sa wa jarirai, ta ci gaba da sa wa kanta.

Kada a ɗauka ina cewa kowane zaure irin na Kawu ne. Na san gidajen da aka tsaya muhawarar iska da sammu har yaro ya cika, na kuma san masu farar riga da ke yi wa iyaye tsawa kamar jahilci ne kaɗai ya sa mutum ke niƙa dutse a gidansa, ba talauci ba. Da tambayar Kawu ta jinkirta tafiyar nan da kwana uku, da wata maƙalar nake rubutawa yanzu, ko kuma da ban rubuta kome ba.

Kawu ya rasu shekaru kaɗan bayan haka. Yarinyar ta rayu. Ta sha magani zagaye da dama, ta girma a Bunguɗu, yanzu budurwa ce. Karatu ya yi mata nauyi ƙwarai, a allo da a boko, abin da aka biya mata da safe kafin azahar ya zube. A bara, muna dawowa daga wata ta'aziyya a Tsafe, daidai inda dutsen Kwatarkwashi ke fitowa, na tambayi ƙanwata ko dalmar ce ta yi mata haka. Ta ce abin da bincike ya tabbatar shi ne, in aka ɗauki yara dubu masu dalma da dubu marasa ita, na farkon za su fi samun matsalar karatu. Na ce ba yara dubu na tambaye ta ba, wannan ɗaya nake nufi. Ta yi shiru har muka wuce dutsen, sannan ta ce, "Yaya, wannan ba ni da abin auna shi." Uwar yarinyar tana zaune a kujerar baya, ba ta ce mana kome ba har muka shiga Gusau.